Tsohon mashin da muka tayar, wa zai biya idan ya yi ɓarna?



Duk wanda ya san Tambuwal da Kebbe ya san mashin ne jakin wannan zamani. Shi ke kai taki gona, shi ke fito da gero kasuwa, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da tsakar dare. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, Naira kuma ta faɗi, sabon Boxer ya fi ƙarfin talaka. Sai mutanenmu suka koma sayen gawar mashin, bakanike ya ɗora mata wani inji, a canza taya da sarƙa, a tayar da ita ta koma aikin daji. Dabara ce mai kyau, amma fa akwai rami a gaba.

Dokar inshorar abin hawa tana nan tun 1945, kuma ta haɗa da mashin. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta yanke wa mashin Naira 3,000 a shekara. Idan ka lalata dukiyar wani, kamfani zai biya har Naira miliyan ɗaya, idan mutum ka buge ma da alhakin kamfani a ciki. A kula, wannan takarda ba ta gyara mashin ɗinka, ba ta biyanka idan an sace shi. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara kamen marasa ita.

Wani zai ce, "To Malam, ai nawa na gona ne." Gaskiya ne, hanyar jama'a doka ta ambata. Amma ranar da ka hau kwaltar Sakkwato zuwa Jega za ka Dogon Daji, ka shigo hannunta.

Ni a ganina dubu uku ba ita ce matsalar ba. Kamfanin inshora zai nemi lambar rajista da lambar bodi da ta inji. Mashin ɗin da aka harhaɗa kuwa, bodi daga nan, inji daga can, ko rasit babu. A nan ɗan kamasho ke samun ƙofa, ya karɓi kuɗinka ya miƙa maka takardar bogi, sai ranar tsautsayi ka gane. Kowa ya danna *565*11# a wayarsa ya duba ko tasa ta gaske ce. Sannan a wannan yanayi na rashin tsaro, matashi a kan mashin marar takarda a bakin daji, wallahi kun san abin da ake fara zato.

Don haka ga abin da nake so ɓangarenmu ya riƙe:

Na ɗaya, wakilanmu na tarayya da na majalisar jiha su matsa a riƙa kawo teburin rajista sakatariyar Tambuwal da ta Kebbe, a kuma sauƙaƙa shigar da canjin inji cikin takarda.

Na biyu, duk ɗan siyasar da zai raba mashina, namu ko na wasu, ya haɗa da lamba da inshorar shekara guda. Kyautar da za ta kai yaro caji ofis ba ta cika kyauta ba.

Na uku, masu shakka ta fuskar addini a nuna musu takaful, inshorar taimakekeniya ta tsarin Musulunci, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013.

Na huɗu, kanikawa da shugabannin 'yan kabu-kabu su wajabta rubuta rasit da shaidu a duk cinikin tsohon inji.

Mazaɓar da ta ba Najeriya Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015 bai dace a ce teburin rajista ya gagare ta ba. Ku kai wannan magana taron mazaɓa, duk mai neman ƙuri'armu a tambaye shi a gaban jama'a.

Allah Ya tsare mu da tsautsayin hanya.