Kafin a Naɗa Sarkin Rock

Mun gaji da musun nan na wa ya fi tsakanin Led Zeppelin da Rolling Stones. Dukkansu Turawan Ingila ne da suka sha nonon kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka. Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka aro sunansu. Su kuwa Led Zeppelin, sai da Willie Dixon ya maka su kotu a 1985 kafin sunansa ya hau kan "Whole Lotta Love". Jimmy Page gwanin jita ne, wannan ba musu, amma kayan aro ba ya rufe katara. Duk mai son naɗa sarki, ya fara sauraron Muddy Waters da Sister Rosetta Tharpe, sannan ya dawo mu yi gardamar.