Wa Ya Ce Hausa Ba Ta da Kalmomin Fim?

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a bakin wasu 'yan fim da masu horar da su. Wai Hausa ba ta da kalmomin wannan sana'a, don haka dole a koyar da ita da Turanci, a gudanar da aikinta da Turanci, Hausa kuwa a bar mata abin da 'yan wasa za su furta a gaban kyamara. Na ji ta a Kano, na ji ta a Kaduna, na kuma gan ta a aikace a wani taron horaswa da aka tara matasa masu son koyon rubutun fim. Kwana uku ana zuba musu Turanci, yawancinsu suna gyaɗa kai don kada a ce ba su waye ba. A rana ta ƙarshe wani yaro da ke zaune kusa da ni ya raɗa mini: "Malam, wai wannan sin ɗin da ake ta faɗa, ba shi ne fitowa ba?" Na ce masa shi ne. Yaron ya san abin tun yana sakandare, amma an kwana uku ana nuna masa bai san komai ba.

Maganar cewa Hausa ba ta da kalmomin fim ba gaskiya ba ce, kuma tana yi mana ɓarna.

Duk mai shakka ya daure ya kalli fim ɗin Hausa har ƙarshe, inda sunaye ke hawa. Zai ga labari, tsara labari, shiryawa, ɗaukar nauyi, ba da umarni, ɗaukar hoto, tace hoto, sauti, kwalliya, sutura, ci gaban shiri. Ba wani kwamiti ne ya zauna ya ƙago su ba. Masu sana'ar ne suka samar da su a bakin aiki, tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. Ka ɗauki "tace hoto" kawai. Duk wanda ya taɓa ganin ana tace gasara ya fahimci aikin nan take: a zubar da dusa, a bar gasara. Ko "ci gaban shiri", aikin mutumin da ke lura kada jarumi ya shiga ɗaki da jar hula ya fito da baƙa, alhali an ɗauki shigar yau, fitar kuma bayan mako guda. Sunan da kansa ya bayyana aikin.

Kafin fim ma akwai dandamali da littafi. Ɗaliban da suka karanta Wasan Marafa na Abubakar Tunau, ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, ko Uwar Gulma, ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, sun san wasa yana rabuwa kashi-kashi, kowane kashi kuma fitowa-fitowa. Sun san jigo da warwarar jigo, sun san zubi da tsari, sun san tauraro, wato wanda labarin ke kewaya kansa. Da waɗannan kalmomi ake amsa tambayoyin jarrabawa shekara da shekaru. Kafin littafi kuma akwai tashe a cikin azumi, da wasan gauta inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa, da 'yan kama masu kwaikwayon malamai da wa'azin tuwo da miya. Mutanen da suka iya raba waɗannan wasanni, kowanne da sunansa da lokacinsa da ƙa'idarsa, su ne yau ake cewa harshensu bai san kwaikwayo ba.

Har yanzu kuma harshen bai daina haihuwa ba. Lokacin da finafinan barkwanci irin na marigayi Rabilu Musa Ibro suka cika kasuwa, an kira su camama, kowa ya gane. Da Arewa24 ta zo da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, su Labarina da Izzar So suka mamaye talabijin da YouTube, nan da nan aka ce fim mai dogon zango, aka raba shi zango na kaza, kashi na kaza. Tsohuwar kalmar fatake ce, zango, inda ayari ke sauke kaya ya huta kafin ya tashi. Ban san wata kalma a wani harshe da ta fi ta dacewa da wannan ma'ana ba.

Kada a ɗauka ina yaƙi da aro ne. Fim, kyamara, sinima, duk sun zama namu, kamar yadda majigi ta zama tamu tun zamanin da Turawan mulki ke yawo da ita gari-gari. Ko darakta ba na ƙyamarsa. Abin da nake ƙi shi ne aron da ke rufe bambancin da Hausa ta riga ta fitar fili, domin a nan ne ake cutar mutane.

Ga misali. A Hausa, mai ɗaukar nauyi daban, mai shiryawa daban. Na farko shi ne mai kuɗi. Na biyu shi ne mai nemo marubuci da mai ba da umarni, ya tsara kasafi, ya nemi gidan da za a yi aiki, ya tabbata an ci abinci an biya kowa. Amma da aka ce "furodusa", sai biyun suka narke suka zama ɗaya. Duk wanda ya sayar da fili ko ya samu ribar kanti ya zuba a fim ya zama furodusa, kuma tun da sunan ya ba shi iko, sai ya shiga zaɓen 'yan wasa, ya sauya ƙarshen labari, ya ce a ƙara waƙa a inda ba ta da gurbi. In fim ya lalace, ba a san wuyan wanda za a kama ba. Da an tsaya kan kalmominmu, da an ce masa: Alhaji, kai nauyi ka ɗauka, Allah ya saka da alheri, shiryawa kuwa aikin wani ne.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na marubuta. Labari shi ne abin da za ka iya ba abokinka a zaune a majalisa cikin minti goma: wane ya so wance, iyaye suka ƙi. Tsara labari kuwa shi ne zaman makonni ana yanka wannan labari fitowa-fitowa, ana sa wa kowa magana a baki, ana yanke shawarar abin da mai kallo zai sani yanzu da abin da za a ɓoye masa sai gaba. Na farko tunani ne, na biyu gini ne. Da aka dunƙule su a cikin "sikirif" ko "sitori", sai mai ginin ya ɓace. Sunan mai tunanin ya fito da manyan baƙaƙe, wanda ya kwana yana rubutu a sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Marubucin da ya san sunan aikinsa da harshensa ya fi iya tsayawa ya nemi haƙƙinsa.

Akwai kuma laifin da mu da kanmu muka yi wa Hausar. Jarumi asalinsa sadauki ne, kuma a fim shi ne wanda ke gaba a labari. Yau duk wanda fuskarsa ta gilma sau ɗaya a allo jarumi ne. Mun tsere wa "ɗan wasa" saboda muna jin kalmar wasa ta yi mana ƙanƙanta. To amma Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, ɗan wasa ne. Ƙasimu Yero ɗan wasa ne. Yazi Dogo a Nijar ɗan wasa ne. Ba su ji kunyar sunan ba, kuma babu wanda ya raina su saboda shi. Idan kowa jarumi ne, da wace kalma mai ba da umarni zai bambanta mai ɗauke da labari da mai tallafa masa?

Za a ce mini akwai giɓi, kuma na yarda. Girman hoto da motsin kyamara da sarrafa haske suna da sunaye da yawa da ba mu daidaita ba tukuna. Ita ma "fitowa" tana bukatar ƙarin bayani, domin a dandamali shiga da ficen 'yan wasa ke iyakance ta, a fim kuwa sauyin wuri ko lokaci. Amma giɓi cikewa ake yi. Wanda ya ce hoton kusa, hoton nesa, hoton rabin jiki, duk mai riƙe da kyamara zai gane shi. Masana sun taɓa yin irin wannan aiki: a 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, domin nazarin harshe da adabi. A shekarar ce Turmin Danya ya fito. Sama da shekara 30 ke nan jami'a na gefe da kalmominta, masana'anta na gefe da nata, ba su haɗu sun zauna a tabarma ɗaya ba.

Kirana ga sassan nazarin Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN, da tsofaffin ma'aikatan rediyo da talabijin tun suna raye: ku zauna tare ku tattara abin da ake faɗa a bakin aiki, ku daidaita shi, ku cike giɓin, ku buga ɗan littafin da yaro zai iya saye ya sa a aljihu. Ku kuma masu horaswa, in kun tara 'ya'yan Hausawa don koya musu fim ɗin Hausa, ku koyar da su da Hausa.