Tukunya da Yashi: Tanderun Talaka

Sau da yawa akan ji ana cewa gashin kek sai mai murhun lantarki. A ganina, wannan shi ne rashin sanin da ya sa kaza ta kwana a kan dami. Tukunya ɗaya ta wadatar. A shimfiɗa yashi a cikinta, a ɗora bisa garwashi. In ya yi zafi, a jera gwangwanayen madara da aka shafa wa mai aka zuba kwaɓi, a rufe. Yashin ke rarraba zafi, ya hana ƙonewa. Abin wankewa kuwa, kwanon kwaɓi da gwangwanaye ne kurum. Masu gurasar Kano ba su jira lantarki ba. Don me mu za mu jira?