Kaza Ta Kwana Kan Dami: Umurtau Na Sifaniyanci Da Namu Na Gida

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa sa kansa koyon Sifaniyanci ya san akwai wani tudu da yake kayar da jakin kowa. Sai ka ga mutum ya iya gaisuwa, ya iya ƙirga, ya iya faɗin abin da ya yi jiya da wanda zai yi gobe, amma ran da aka buɗe babin da Sifaniyawa suke kira subjuntivo, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Wani abokin karatuna ya ce mini shi dai zai haddace jadawalin ya zuba a jarrabawa, in an tashi ya manta. Ni kuwa a ganina wannan babi bai kamata ya tsorata Bahaushe ba ko kaɗan. Laifin yana ga hanyar da muke bi, wato muna neman Sifaniyanci ta ƙofar Ingilishi, alhali kuwa ƙofar Hausa ta fi kusa.

Bari mu fara da ginin aikatau ɗin, domin a ga ba wani dodo ba ne. Mu ɗauki hablar, wato yin magana, wanda yake bin ƙa'ida sak. Sai a nemi yadda mai magana yake faɗinsa a lokaci mai ci, hablo, "ina magana", a cire wasalin ƙarshe, a sa e a gurbinsa. Ga abin da za a samu: hable, in yi magana, hables, ka yi ko ki yi magana, hable, ya yi ko ta yi magana, hablemos, mu yi magana, habléis, ku yi magana, hablen, su yi magana. Aikatau masu ƙarewa da -er ko -ir kuwa wasalin a suke ɗauka. Comer, cin abinci, ya zama coma, comas, coma, comamos, comáis, coman. Vivir, rayuwa, ya zama viva, vivas, viva, vivamos, viváis, vivan. Iyakar ƙa'idar ke nan, musayar wasali kawai.

To, mai karatu ya duba fassarar da ke gefen kowace kalma: in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su. Wannan shi ne abin da malaman nahawun Hausa suke kira umurtau, kuma tun muna goye muke jinsa. Har wajen lafazi akwai kama. Hable, da nauyi a gaɓar farko, "ya yi magana" ne na umurni, amma hablé, da nauyi a gaɓar ƙarshe, "na yi magana" ne na shuɗaɗɗen lokaci. Wanda kunnensa yake rarrabe "ya zo" na labari da "ya zo" na umurni ta karin sauti da tsawon wasali, ina wannan zai gagare shi?

Wahalar da ɗalibai suke kuka da ita ta fi yawa wajen sanin inda ake amfani da shi, kuma a nan ne Hausa take nuna ranarta. Basifaniye ya ce quiero que hables, Bahaushe ya ce "ina so ka yi magana". Ya ce no hables, mu ce "kada ka yi magana". Ya ce antes de que hables, mu ce "kafin ka yi magana". Ya ce para que comas, mu ce "domin ka ci". Ya ce es necesario que estudies, mu ce "wajibi ne ka yi karatu". A wurare biyar ɗin nan duka, inda ya sa subjuntivo nan muka sa umurtau. Dalili kuwa ɗaya ne: abin da ake magana a kansa bai auku ba tukuna, so ne, ko hani, ko nufi. Ingilishi ya kusa zubar da wannan siga gaba ɗaya, saboda haka littafin da aka rubuta domin ɗan Landan dole ya ɓata shafuna yana bayanin abin da ɗan Kano ya sani tun kafin ya shiga makarantar allo.

Addu'a ma haka take. Sifaniyawa suna da kalmar ojalá, wadda ta samo asali daga Larabcin Andalus, inda Musulmi suka yi mulki daga shekarar 711 har zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492. Asalin ma'anarta "da Allah zai so", kuma subjuntivo ne yake bin ta. Ojalá que ganes, daidai yake da "Allah ya sa ka ci nasara".

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ba ko'ina harsunan biyu suka dace ba, kuma wanda ya ɓoye wannan ya cuci ɗalibi. Sifaniyanci yana sa subjuntivo wajen shakka, kamar no creo que hable, mu kuwa sai mu ce "ba na zaton zai yi magana". Yana sa shi bayan cuando in ana nufin gaba, cuando hables, mu kuwa "idan ka yi magana" muke cewa, da sigar shuɗaɗɗen lokaci. Haka kuma in mai so shi ne mai aikatawa, Basifaniye quiero hablar yake cewa, ba tare da subjuntivo ba, mu kuwa "ina so in yi magana". Sanin waɗannan wuraren saɓani shi ne ainihin karatun, kuma ba ya samuwa sai an jera harsunan biyu an auna.

Wani zai ce ina ruwanmu da Sifaniyanci? Harshe ne na hukuma a ƙasashe 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyarmu ta bakin teku, kuma yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ban da haka, abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar da muka ɗauka ta cewa kowane ilmi sai ya bi ta Ingilishi kafin ya iso gare mu. Ga shi mun zauna muna haddar abin da yake bakinmu, rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, da 'yan'uwa masu nazarin Hausa da masu nazarin harsunan Turai, su haɗa kai su rubuta ɗan littafi, ko da shafi 20 ne, mai kwatanta nahawun Sifaniyanci da na Hausa kai tsaye. Kafin a yi haka, duk wanda ya zauna da jadawalin hablar, ya rubuta Hausarsa a gefe ya ga yadda tudun zai koma fili. Ojalá que estudiemos, Allah ya sa mu yi karatu.