Ra'ayinmu: In kiɗa ya sauya, mai hoto ma ya sauya rawa

'Yan kasuwa maza da mata, ko kun tuna lokacin da ba a watse taron suna ko biki a Dogon Dutsi da Tibiri sai mai hoto ya zo? A yi kwalliya, a jera, ya ɗauka, a jira kwanaki kafin a wanko. Yau kowa da waya a hannu, mai hoto kuwa yana zaune bakin shago yana jiran masu neman hoton katin shaida. Shin sana'ar ta mutu ke nan? Mu dai mun ce a'a, kuma ga dalilinmu.

Kamfanin Kodak na Amurka shi ne sarkin fim a duniya. Wani ma'aikacinsa ne ya ƙera kyamarar da ba ta buƙatar fim tun a 1975, amma manyan kamfanin suka yi sanyin jiki, don tsoron kada cinikin fim ya faɗi. Wasu suka shige gabansu, a 2012 Kodak ya karye.

Kamfanin Leica na Jamus, mai ƙera kyamarori masu tsada, shi ma ya kusa durƙushewa wajen 2005. Sai wani attajiri, Andreas Kaufmann, ya zuba jari. A 2006 suka fito da kyamarar zamani mai suna M8, amma suka yi ta yadda tsofaffin gilasan da mutane suka saya tun da daɗewa za su hau kanta. Ba su yada tsoffin abokan ciniki ba, ba su kuma shiga gasar araha ba: kyamararsu M11 ta 2022 ta haura sefa miliyan 5. Da suka ga waya ta ci kasuwa, sai suka haɗa hannu da masu ƙera ta, Huawei a 2016, Xiaomi a 2022.

Darasin a fili yake. Wanda ya ƙi sabon kayan aiki ya faɗi. Wanda ya karɓe shi ba tare da ya zubar da ingancin da aka san shi da shi ba ya rayu.

Don haka muna kira ga masu hoton Arewa: ku koyi na'urar zamani, ku karɓi hotunan da ke cikin wayoyin jama'a ku wanke musu a takarda mai kyau, ku ɗauki hoton hajar 'yan kasuwa don talla a WhatsApp. Ku kuma iyayenmu mata, waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, hoton auren ɗiyarku ya tafi da ita. Wanda aka wanke aka rataya a ɗaki, jikoki ma za su gani.

Mai atamfa da mai tireda, ku ma wannan magana taku ce. Allah ya ba da kasuwa.