KIWO A GIDA: Kafin Ka Sayi Tarwada Mai Jar Wutsiya

 A wannan wata za mu duba wani kiwo da ke jan hankalin samarinmu na birane, wato ajiye kifi cikin akwatin gilashi don ƙawata ɗaki. Kiwo ne mai kyau, yana kwantar da hankali, yara kuma suna ƙaruwa da shi. To amma akwai wani kifi guda da ya kamata mu yi wa juna gargaɗi a kansa tun kafin kuɗi ya fita daga aljihu.

Kifin nan dangin tarwada ne, masu sayarwa suna ce masa "redtail", mu kuwa sai mu ce mai jar wutsiya. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, cikin kogin Amazon da kogin Orinoko, mutanen Barazil suna kiranta pirarara. Bayanta baƙi-baƙi ne, gefenta da cikinta fari, wutsiyarta ja kamar manja, tana da gashin baki guda 6, ita kuwa tarwadarmu ta gida 8 gare ta. A shago za ka same ta ba ta wuce tsawon yatsa ba, tana ta kai-komo gwanin sha'awa. Abin da ba kowane mai shago zai gaya maka ba shi ne, jaririya ce. Idan tana samun abinci, cikin shekara guda tana iya kusantar ƙafa 2. Babbarta tana kaiwa ƙafa 4 har ta wuce, nauyinta kuma yana iya kai na buhun siminti. Tana kuma iya yin shekara 15 ko fiye a raye. Ashe wanda ya saye ta ya ɗauki nauyin da zai kai ɗansa na goye ya shiga sakandare.

Magana ta farko ita ce wurin zama. Akwatin gilashi mai ƙafa 3 ko 4 da aka saba gani a falo, watanni kaɗan zai yi mata. Wasu suna cewa wai kifi ba ya wuce girman mazubinsa. Wannan zance ba shi da tushe. Abin da ke faruwa shi ne kifin ya tsumbure, gashin bakinsa ya lanƙwashe, ya riƙa dukan gilashi, ƙarshe ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Babbar mai jar wutsiya sai kwamin siminti. A ce an gina mai tsawon mita 4, faɗi mita 2, zurfi mita 1. Wannan zai ci ruwa lita 8,000, wato duro 40 ke nan, kuma da yake kowace lita kilo ɗaya ce, nauyin ruwan kaɗai tan 8 ne. Mai zaman haya a bene sai ya cire wannan tunani daga ransa. Wanda kuma ya gina sabon kwami, kada ya yi gaggawar zuba kifi, domin sabon siminti yana sakin farar ƙasa mai ƙona jikin kifi. Sai an cika shi da ruwa an zubar sau da yawa cikin 'yan makonni.

Na biyu, tsabtar ruwa, kuma a nan ne yawancin masu kiwo suke asara. Kifi mai cin nama yana fitar da wata guba da ake kira amoniya. Ba a ganinta da ido, ruwa zai kasance garau amma yana kisa. Abin da ke kawar da ita wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ke zaune cikin soson matatar ruwa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Saboda haka ba a wanke soson da ruwan famfo, domin maganin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe su. Sai a ɗebi ruwan kwamin a ɗauraye shi a ciki. Bayan haka kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo wanda ya kwana a buɗe. A kwamin da muka kwatanta, wannan lita 2,000 ce, wato jarka 80 mai cin lita 25, kowane mako. Wanda unguwarsu famfo ke yin kwana uku bai zo ba, ya yi wa kansa lissafi.

Sai maganar wuta. Mun saba ganin tarwada ta wuni cikin daro a kasuwa da ɗan ruwa kaɗan ba ta mutu ba, domin tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye. Mai jar wutsiya ba ta da wannan gaɓa. Idan aka ɗauke wuta, injin hura iska da matata suka tsaya, musamman lokacin zafi da iskar da ke cikin ruwa take raguwa, to cikin dare ɗaya ana iya rasa ta. Dole mai ita ya tanadi injin iska mai batir ko janareto.

Wajen abinci kuwa, yawan ba ta shi ne cutarwa. Ƙarama a ba ta sau ɗaya a rana, babba sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe ta. A ba ta yankan kifi, da jatan lande, da tana, da abincin kifi na buhu mai nitsewa. A guji kitsen nama da hanjin kaji. Idan ta ƙoshi fiye da kima takan amayar, aman kuma ya ɓata ruwan gaba ɗaya. Haɗama gare ta, tana haɗiye tsakuwa da murfin kwalba da duk abin da ya faɗa, don haka a bar ƙasan kwamin fayau, a kuma yi masa murfi mai ƙarfi saboda yara. Duk kifin da zai shiga bakinta, abincinta ne ko da tare suka tashi. In za a kama ta kada a sa koma, ƙayoyinta suna sarƙewa. A yi amfani da buhu jiƙaƙƙe.

Babban abin tsoro shi ne ranar da mai ita ya gaji, ya ce bari ya kai ta kogi ya huta. Don Allah kada a yi haka. Giwan ruwa kifinmu ne na Volta da Kwara da Tafkin Chadi, a nan ba ya ɓarna. Amma da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya cikin shekarun 1950, kafin ƙarshen shekarun 1980 jinsunan ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa sun ɓace. Ruwanmu da na Amazon ɗuminsu kusan ɗaya ne, ke nan baƙuwar za ta iya rayuwa a nan, kuma 'yan'uwanmu masunta da masu bandar kifi su za su ɗanɗana kuɗarta. Wanda ya kasa riƙo ya nemi mai babban kwami ya ba shi, ko ya mayar wa mai shago.

Mai sha'awar kifi mai gashin baki ba sai ya je nesa ba. Ga kurungu nan a ruwayenmu, wasu irinsa har iyo suke yi a rigingine, kuma ƙananan jinsinsa suna zama lafiya a akwatin gilashi na falo. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai shago iyakar girman kifin da yawan shekarunsa, in ya yi maka kwana-kwana ka mayar da kuɗinka aljihu.

Mai tambaya ya aiko da wasiƙa ta hannun Edita. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.