SHARHI: Duniya ta koma neman rinin baba, wa zai noma shi a Tambuwal da Kebbe?

Duk wanda ya ratsa layin 'yan yadi a kasuwar Tambuwal ana saura kwanaki kaɗan Sallah zai ga shadda da atamfa da leshi da yadin maza, ga kuma dilolin gwanjo a gefe. Abin da zai yi wuya ya gani shi ne ƙyalle guda wanda aka noma audugarsa a ƙasar Sakkwato, aka kaɗa ta, aka saƙa, aka rina a nan gida. Yawancin kayan daga Kantin Kwari na Kano ake saro su, Kantin Kwari kuma ya dogara ne da kayan da ake shigowa da su daga waje, musamman daga ƙasar Sin.

A daidai wannan lokaci kasuwar tufafi ta duniya tana juya akala. A watan Yulin 2024 wata dokar Tarayyar Turai kan ingancin kayayyaki da kare muhalli ta fara aiki. Dokar ta haramta wa manyan kamfanoni lalata tufafin da suka yi kwantai daga watan Yulin 2026, ta kuma share fagen tilasta wa kowace tufa ɗaukar bayanin abin da aka yi ta da shi da inda ta fito. Masu saye a can suna ƙara tambayar zaren auduga da rinin tsirrai, kuma suna biyan kuɗi mai tsoka a kansu.

Wannan abin da ake nema, ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana yin sa. Tambayar ita ce ko za ta ci moriyar dawowarsa. Amsar ta fi rataya a kan gonakin wurare irin su Tambuwal da Kebbe fiye da manyan masaƙun da 'yan siyasa ke alkawarin farfaɗowa.

Arzikin da aka taɓa yi da shuni

Ba banza ba Bahaushe ke kiran attajiri mai hannu da shuni. Karofin Ƙofar Mata a Kano, bisa shekarar da aka rubuta a ƙofarsa, an kafa shi ne a 1498, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya isa Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Timbuktu kaɗai sun kai kayan raƙuma 300 a shekara, kuma jimillar abin da sana'ar ke samarwa ya kai wuri miliyan 300. Rawanin ɗan Kura da turkuɗi sun zama suturar Buzaye har tsakiyar Sahara.

Wannan bunƙasa ta samu goyon bayan hukuma. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, ya kuma ambaci marina tare da manoma da maƙera da maɗinka. Tambuwal kanta garin ɗan'uwansa ne, Muhammadu Buhari ɗan Shehu, ta kuma tashi ne a cikin wannan tsari na kafa garuruwa a zaunar da jama'a a kan noma da sana'a. A birnin Sakkwato har yau sunan unguwar Marina yana tuna wa mutane abin da ake yi a wurin.

Muhimmin abu a tarihin nan shi ne yadda kuɗin ke ratsa hannuwa da yawa. Manomi ya noma auduga, wadda Basakkwace ke kira kaɗa, ya kuma noma baba. Mata su gurje, su kaɗa zare da mazari a cikin gida. Masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga har ƙyallen ya yi sheƙi, sannan falke ya ɗauka. Riga guda tana ciyar da gidaje biyar ko shida, kuma kaso mai yawa na aikin a ƙauye yake.

Yadda igiyar ta tsinke

Bugun farko daga Jamus ya zo. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai arha da saurin kamawa. Cikin 'yan shekaru noman baba ya durƙushe a Indiya, wadda ita ce kan gaba a duniya a lokacin. A nan kuma mulkin mallaka ya karkata audugar Arewa zuwa masaƙun Ingila, yadin Turawa ya riƙa shigowa kasuwannin karkara.

Gwamnatin Jihar Arewa ta amsa da kafa masana'antu. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Gusau da Funtuwa, har saƙa ta zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar. Rashin wutar lantarki da tsadar man injina da fasa-ƙwauri suka kayar da su. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007.

Tun daga nan gwamnatoci ke ta gwada magani iri ɗaya. An ware asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu. A watan Maris na 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi samun dala a farashin hukuma, sai kuma a watan Oktoban 2023 ya ɗage takunkumin. A watan Afrilun 2025 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima, ta amince da kafa hukumar bunƙasa auduga da saƙa da ɗinki. A wata na gaba Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan gida wajen sayayyar gwamnati.

Duk waɗannan matakai hankalinsu yana kan babbar masana'anta da bakin iyaka. Marini da masaƙin hannu da mai noman baba ba kasafai ake jin sunansu ba, alhali su ne ke riƙe da irin kayan da masana'antun Sin ba za su iya karya farashinsa ba, domin abin da mai saye ke biya a kai shi ne aikin hannu da asalin kayan.

Abin da ya bambanta rinin baba

A karofi ana zuba busasshen baba da toka da katsi a cikin ramin ruwa, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa, har ruwan ya nuna. Idan aka tsoma ƙyalle aka ɗago, da launin kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Yawan tsomawa shi ke ƙara duhun launi. Idan ruwan ya mutu, a kwashe laka ta ƙasan ramin a busar a ƙone, ta sake zama katsin da za a yi amfani da shi. Kusan babu abin da ake zubarwa.

Rinin zamani kuwa, wanda ake yi a cikin ganga a lunguna, ana haɗa shi ne da soda mai ƙuna da wasu sinadarai masu cin hannu, ruwan kuma ya bi kwata ya shiga rafi ko ya nutse kusa da rijiya. Haka nan fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa yanzu na roba ne da ake samu daga man fetur, ba ya ruɓewa a ƙasa, kuma yana riƙe zafi a jiki, abin da mutumin Sakkwato ya sani sarai idan bazara ta kama.

Sai dai akwai iyaka. Rinin baba ba zai tufatar da mutum sama da miliyan 200 ba. Yana cin lokaci, yana da tsada, kuma magidancin da ke fama da kuɗin hatsi ba za a ga laifinsa ba idan ya sayi yadi mai arha ko gwanjo. Kasuwar wannan kaya ƙarama ce mai riba: kayan aure, kayan sarauta, masu zanen tufafi na Legas da Abuja, da masu saye a ƙetare.

Akwai kuma matsalar amana. Sinadarin da ke ba da launi a shunin masana'anta da wanda ke cikin baba iri ɗaya ne, ido ba ya rarrabe su. Wasu marina suna gauraya su saboda ƙarancin baba da tsadarsa. Mai saye a ƙetare da zai biya ninkin kuɗi yana son hujja, kuma hujjar daga gona take farawa.

Inda Tambuwal da Kebbe suka shigo

Ƙananan hukumomin biyu suna kudancin jihar, inda damina ta fi ta arewaci albarka. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, ga garuruwan noma irin su Dogon Daji da Sanyinna da Jabo. Baba dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ana yankansa fiye da sau ɗaya, kuma idan ya bushe yana ajiyuwa ba ya lalacewa kamar tumatir ko albasa. Karan dafi, wanda ake samun jan launi daga gare shi, nau'in dawa ne. Bagaruwa da majema ke jima da ita tana nan a daji. Manomin yankin ba baƙo ba ne ga ko ɗaya daga cikinsu.

Amma noma kawai a miƙa wa wasu ba zai wadatar ba, kuma jihar tana da darasi a kan haka. Fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun ƙarnoni da suka wuce, amma da sunan fatar Maroko aka san ta, saboda ta can fatake suka bi da ita. Mai kiwo da majemi suka yi aikin, wasu suka tafi da sunan da kuma ribar. Idan baban Tambuwal zai fita ba tare da wata shaida ba, tarihi zai maimaita kansa.

Babban cikas shi ne tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu a wasu sassan Kebbe, kuma babu mai shuka abin da zai jira kasuwa alhali bai da tabbacin zai girbe geronsa. Duk maganar sana'a da ba ta fara da tsare gona ba, zance ne kawai.

Abin da ya kamata a tambayi masu mulki

Burkina Faso ta nuna cewa sayayyar hukuma na iya rayar da saƙar hannu. Thomas Sankara ya wajabta wa ma'aikata sanya Faso Dan Fani a shekarun 1980, a 2023 kuma gwamnatin ƙasar ta yanke shawarar mayar da shi kayan makaranta. Gana ta samu shigar da saƙar kente cikin jerin al'adun da UNESCO ta amince da su a watan Disamban 2024, abin da ya ƙara ɗaure sunan kayan da ƙasarsu.

Gwamnatin Ahmed Aliyu ba ta buƙatar gina masaƙa kafin ta yi irin wannan. Tana iya ɗora wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru wadda ke da alhakin irin auduga, aikin tattara irin baba da gwada shi a gonakin gwaji. Tana iya ware wani kaso na kyaututtukan da take bai wa baƙi da kayan bukukuwan hukuma ga kayan da aka saƙa aka rina a jihar. Tana iya kafa rajistar manoma da marina da za ta zama shaidar asali.

Ƙananan hukumomi ma ba su da mafaka. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan su kasonsu kai-tsaye, matashin Tambuwal ko Kebbe yana da hurumin tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa nawa aka kashe a kan koyar da sana'a, kuma wace sana'a. Rabon keken ɗinki ba tare da yadin gida ba yana ƙara wa mai shigo da kaya ciniki ne. Ga zaɓen 2027 na tafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Rabon mai saye

Tsadar tufar auduga mai rinin baba tana raguwa ne idan ta daɗe, daɗewar kuma tana hannun mai ita. Shuni a bayan zare yake zama, shi ya sa yake zuba a wankin farko. A wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, kada a jiƙa ta ta kwana, kada a sa mata sinadarin farar da kaya, kada a cuɗa ta da ƙarfi. A juya cikinta waje a shanya a inuwa. Ta bushe sarai kafin a adana, a wurin da babu laima, saboda gara da asu. Rawani mai sheƙi irin ɗan Kura wanki yana kashe masa ƙyalli, shan iska ya ishe shi.

Mai son sanin ko yadi auduga ne, ya zare ɗan zare ya kusanta shi da wuta. Auduga tana ƙonewa ta bar toka mai laushi, roba kuma tana narkewa ta dunƙule. Idan launi ya koɗe, ba a jefar da riga. A da karofi ake mayar da ita a sake tsomawa, a kai wa mabuga, ta dawo kamar sabuwa.

Wannan hidima ta ƙarshe tana buƙatar marini a kusa, marini yana buƙatar baba, baba kuma yana buƙatar manomin da ya tabbata akwai mai saye kuma zai iya zuwa gonarsa lafiya. Daga cikin waɗannan, tsaro da kasuwar farko suna hannun gwamnati, kuma a kansu ne ya dace a nemi bayani daga duk wanda ya zo neman ƙuri'a a Tambuwal da Kebbe.